Kafin Ki Biya Kuɗin Umra, Dubi Wa Za Ki Tafi Da Shi

'Yar'uwa, bara na ƙi bin ayarin kamfani zuwa Umra. Na ce ai ni ma'aikaciyar jinya ce, zan iya kula da Hajiyarmu, ga manhajar Nusuk a waya, ga sauƙin kuɗi. Muka tafi mu uku: ni, ita da yarona ɗan wata 10.

A Madina na ji daɗi. Ba mai buga mana ƙofa wai mota za ta tashi. Hajiya na shan maganin sugarta a kan lokaci, ta huta son ranta.

A Makka na gane kurena. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau 7 ya kai wajen kilomita 3. A sawu na 5 Hajiya ta fara gumi, hannunta na rawa, suga ya sauka. Na ba ta dabino. Amma wa zai riƙe min yaro in nemo keken turawa? Wasu matan ayarin Kano ne suka karɓe shi, Allah Ya saka musu da alheri.

Don haka kada ki fara da lissafin kuɗi. Fara duba mafi rauni a cikinku. In da tsohuwa ko goyo, bi ayari.

Ke wanne kika bi?