Kura ta shigo Damagaram

Wata biyu wayata tana damuna da saƙon mizajur, ni kuwa ina cewa "gobe". Wa zai zuba megansa a abin da bai gani ba? Ran da na samu wifi a jami'a sai na danna, na zauna gindin bedi ina kallon layin yana rarrafe kamar jerin masu jiran kuɗin burs.

Da ta kunna, sai ga Android 13, wanda ya fito tun 2022 amma sai yanzu ya iso tsohuwar wayata. Launin ƴan hotunan manhajoji ya bi launin hoton bangona. Kowace manhaja yanzu sai ta nemi izini kafin ta fara turo mini sanarwa, wannan kam na ji daɗinta. Abin da ya fi jan hankalina shi ne damar zaɓa wa kowace manhaja harshenta daban. Na yi saurin shiga ina neman Hausa. Manhajojin da suka yarda da tsarin ba su da yawa, kuma a cikin waɗanda nake da su, Faransanci da Ingilishi suka cika jerin.

Ina cikin wannan tone-tonen na faɗa wajen kilabiye, inda ake ƙara harsunan rubutu. Ga Hausa zaune. Ba mizajur ta kawo ta ba, tana nan tun da daɗewa, ni ne ban taɓa dubawa ba. In ka danne k ka riƙe, ƙ ta fito. Haka ɗ da ɓ. Wallahi kunya ta kama ni. Shekara uku ina karatun kimiyyar harshe, ina zana wa ƴan ajinmu bambancin ɗa da da a allo, amma a waya ina rubutu kamar ban san shi ba.

Sai na tuna hunturun bara. Na rubuta wa Baba: "kura ta hana mu fita yau." Ƙanena ya karanta mishi yadda na rubuta. Baba ya aiko da murya yana dariya: "To, ɗan jami'a, kura har cikin Damagaram? Ku rufe ƙofa!" Ƙura nake nufi. Ranar dariya muka yi. Amma wanda ya rubuta kasa yana nufin ƙasa, ko bata yana nufin ɓata, ba kullum zai samu mai karatu irin Baba ba.

Kuma ƙanena yana kallo. A lakkol Faransanci yake rubutawa, Hausar da yake gani a rubuce ita ce ta saƙonnina. In na cire ƙugiya, shi ma zai tashi yana ganin ba ta da amfani. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, muka yi ta murna a grup, da saƙonnin da babu ƙ ko ɗaya a cikinsu. Har ƴ, wadda mu nan muke rubutawa da ƙugiya yayin da ƴan Najeriya ke sa ɗan waƙafi a gaban y, mun bar ta a takardun jarrabawa.

Yanzu saƙona yana ɗaukar lokaci fiye da da. Wani abokina ya ce na cika iyayi. Na ce mishi ya kawo wayarsa, minti biyu ne. Jiya ƙanena ya rubuto: "Yaya, ina ake samun wannan k mai lanƙwasa?"