Inda Ake Ɗaura wa Auduga Aure

Da la'asar sakaliya muka isa gonar, a gundumar Sabarkanta da ke arewacin jihar Gujarat ta ƙasar Indiya. Watan Satumba ne, damina ta fara ja da baya, ƙasa na da sauran laima. Mata da maza kusan ashirin na duƙe tsakanin kunyoyi, ba mai magana da ƙarfi. Na tsaya kusa da wata baiwar Allah ina kallon hannunta. Ta kama furen da bai buɗe ba, wanda gobe ne zai buɗe, ta sa farcen babban yatsa ta tsaga shi daga gindi, ta murɗa ta zare ganyen furen tare da 'yan sandunan da ke ɗauke da garin barbara, ta bar tsinken macen tsaye shi kaɗai ko ƙwarzane babu. Kafin in gyara tsayuwa ta gama na biyu. Ni da na tashi a ƙasar Funtuwa, na yi tsintar auduga tun ina ƙarami, na ga layin amalanke a bakin fuloti, ban taɓa ganin an yi wa furen auduga irin wannan hidima ba.

Dalilin aikin shi ne furen auduga mata-maza ne, kansa yake yi wa barbara. In kana son iri mai aure, dole ka raba shi da nasa garin tun da yamma, washegari da hantsi ka kawo masa na wata audugar dabam. Fure ɗaya bayan ɗaya, kullum, har tsawon makonni. Turawa sun daɗe da sanin cewa auduga mai aure tana fin iyayenta yabanya, amma suka ga aikin hannun ya fi ƙarfin lissafinsu. Indiyawa ne suka zage damtse suka ɗauka.

Asalin labarin yana Surat, birnin masaƙu da masu gyaran lu'ulu'u da ke bakin kogin Tapi, inda na sauka daga jirgin ƙasan Mumbai kwana uku kafin nan. A tashar binciken auduga ta wannan birni ne Dakta C. T. Patel ya fitar da H-4 a shekarar 1970, auduga mai aure ta farko da manoma suka shuka don kasuwa a duk duniya. Uwarta 'yar gida ce, Gujarat 67. Ubanta baƙo ne daga Amurka, wani iri marar ƙofofin zuma a jikinsa. Yau sama da kashi 90 cikin 100 na gonakin audugar Indiya iri mai aure ne, kuma babu ƙasar da ta kai ta faɗin gonakin auduga. Ko sunan da fatake suka san audugar Gujarat da shi, Shankar-6, kalmar farkon ma'anarta iri mai aure.

Abin da ya fi kama hankalina a Surat shi ne yadda suke zaɓen iyayen. Wani mai binciken iri, mutum mai furfura da sanyin magana, ya zagaya da ni layukan da yake kula da su, kowane layi da ɗan allonsa. Ya ce in ƙaddara yana da iri 100 a hannu. In zai aurar da kowanne da kowanne, aure 4,950 ke nan, kuma kowane ɗa sai an shuka shi a wurare dabam-dabam, shekara fiye da ɗaya, kafin a san halinsa. Ba fili, ba kuɗi, ba kuma tsawon ran da zai isa. Saboda haka ake neman hanyar hango wane aure ne zai yi albarka tun ba a ɗaura ba.

Nan take na tuna da binciken asali da iyayenmu ke yi kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. Sai dai su masu binciken iri abin da suke nema shi ne nisa. Ka'idar ita ce in iyaye biyu 'yan ɗaki ɗaya ne, abin da wannan ya rasa wancan ma ya rasa shi, ɗan ba zai zo da wani sabon abu ba. In kuwa bare ne, ƙarfin ɗaya sai ya rufe raunin ɗaya. Ma'aunin wannan nisa ma ɗan ƙasarsu ne ya ƙirƙiro shi, masanin ƙididdiga P. C. Mahalanobis na Kalkata, a 1936. Masu binciken iri suka ɗauki lissafinsa: a auna tsayin tsiro, yawan ƙwallaye, nauyin ƙwallo, kwanakin fara fure, tsayin sili, sai lissafin ya rarraba irin dangi-dangi, a ɗauko uwa daga wannan dangi, uba daga wancan. Yanzu kuma an ƙara da ɗakin gwaji. Na ga wata ɗaliba tana niƙa ɗanyen ganye a ɗan ƙaramin turmin tangaran don a ciro ƙwayoyin gadonsa, a duba inda iri biyu suka yi tarayya da inda suka saɓa, ba tare da jiran damina ba.

Na tambaye shi ko ke nan kwamfuta ta gama magana. Ya girgiza kai, kuma amsarsa ce ta sa ya ƙara girma a idona. Ya ce nisan dangi yana nuna hanya, amma ba ya kai mutum gida. An sha gwadawa: wani lokaci iyaye masu nisa su haifi zakaran gwajin dafi, wani lokaci su haifi ɗan da bai kai uwarsa ba. Alamun da ake ƙirgawa a ɗakin gwaji, da yawansu ba ruwansu da yawan amfani, bambanci ne kawai. Ga shi audugar Amurka, wadda masana ke kira hirsutum, danginta a matse yake tun asali. Shi ya sa bayan lissafin sai ya koma ga tsohon gwaji: a aurar da iri ɗaya ga abokai da yawa, a ga ko 'ya'yansa duk suna yin kyau. Irin da ya ci wannan jarrabawa shi ne uban ƙwarai, ko na kusa ne ko na nesa.

Batun sili kuwa halinsa dabam. Yawan amfani yakan yi tsalle ya wuce iyaye biyun, amma tsayin sili da ƙarfinsa da laushinsa galibi tsaka-tsaki suke faɗowa tsakanin uwa da uba. A nan barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka kuma mai rarrafe ba ya haifar magujin. In kana son sili mai kyau, sai iyayen duka sun zama masu shi. Mai binciken ya ciro kaɗa daga ƙwallo biyu, ya taje su da yatsa a kan baƙin ƙyalle, ɗaya silinta bai kai milimita 30 ba, ɗayar ta kusa 35, tana sheƙi kamar alharini. Ta biyun jinsin barbadense ce, wadda muka fi sani da audugar Masar. A Darwad ta jihar Karnataka, Dakta B. H. Katarki ya haɗa hirsutum da barbadense ya fitar da Varalaxmi a 1972, don a samu yalwar ɗaya da dogon silin ɗayar. Duk wanda ya taɓa riƙe mazari, ko ya ga kakarsa tana kaɗi, ya san bambancin da ɗan wannan tsayi ke yi a zare.

Ba zan ɓoye abin da ya sosa mini rai ba. Iri mai aure ba a ajiye anguryarsa, jikokin warwatsewa suke yi, sai manomi ya sayi sabuwar leda kowace shekara. An kuma daɗe ana kokawa da sa ƙananan yara wannan aikin fure, saboda hannunsu ƙanana ne kuma ladansu kaɗan. Maganar ta shafe mu, domin tun 2018 Nijeriya ta amince da iri biyu masu aure na kamfanin Mahyco na Indiya, waɗanda aka gwada tare da cibiyar binciken noma ta Samaru. Fatana shi ne mu koyo har da sanin zaɓen iyayen, a yi shi da irinmu na SAMCOT da ya saba da ƙasarmu da ruwanmu.

Washegari da hantsi na koma gonar Sabarkanta. An tsinko furannin uba an shanya su a faranti har suka buɗe, garinsu rawaya ya fito. Matar nan ta jiya ta miƙo mini ɗaya, ta kama wuyan hannuna ta nuna mini yadda ake goga shi a hankali kan tsinken da ta bari tsaye. Na goga, garin ya manne. Ta ɗaura alama a gindin furen don a gane shi ranar tsinta, ta wuce na gaba, ni kuma na bi ta da farantin.