Yaron da Aka Ɗauka Ya Iya Turanci

A makarantun gwamnati na Amurka akwai yara kusan miliyan 5 masu koyon Turanci, wato ɗaya cikin goma. Yawancinsu Sifaniyanci ake yi a gidajensu, amma a unguwar Bronx ta birnin New York malami kan tarar da ɗan Gana, ɗan Gini da ɗan Bangladash a aji guda.

Doka ta daɗe da tsaya musu. A 1974, a shari'ar Lau da Nichols, Kotun Ƙoli ta duba ƙarar yara 'yan asalin China kimanin 1,800 a San Francisco, waɗanda ake zaunarwa a aji ba tare da taimakon harshe ba. Kotun ta ga cewa ba yaro kujera da littafi irin na kowa ba adalci ba ne, muddin ba ya gane abin da malami ke faɗa.

Abin da ke damun mai lura shi ne gaggawa. Binciken masani Jim Cummins a Kanada ya nuna yaro kan iya hirar yau da kullum cikin shekara 2, amma Turancin karatu, na kimiyya da tarihi, yakan ci shekara 5 zuwa 7. Sai a ji shi yana zuba da abokai a filin ƙwallo, a ɗauka ya ƙware, a janye masa taimako. In ya faɗi jarrabawa, a ce ba shi da kai, alhali tun farko ba a ba shi lokaci ba.

Irin wannan gaggawa ta taɓa shiga doka ma: Jihar Kalifoniya ta taƙaita koyarwa da harshe biyu a 1998, sai a 2016 masu zaɓe suka warware wannan doka.