Suna Ɗaya, Aji Ɗaya

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. Mu da muka taso a gidajen da ake raɗa wa yaro sunan kakansa, sannan a koma kiran sa Abba ko Baba saboda kunyar ambaton mai sunan, mun san cewa suna ba ya zuwa hannu rabbana. Takwara yakan yi wa ƙaramin takwaransa goron salla, yakan kuma sa ido ya ga ko yaron zai ɗauko halinsa. Sai dai a ganinmu babu inda nauyin takwarantaka ya fito fili kamar a fagen damben zamani, inda ake ɗora mutum a kan sikeli kafin a bar shi ya shiga fage, kuma ake rubuta kowace nasara da kowane kaye a gaban sunansa.

A wannan dambe na Turawa an kasa 'yan wasa aji-aji gwargwadon nauyinsu, don kada ƙato ya murƙushe siriri. Wannan rabo yakan taimaka wa mai bin tarihi idan sunaye suka zo ɗaya. Alal misali, an yi zakarun duniya biyu a Amurka masu suna Davey Moore. Na farko, ɗan ajin laba 126, shi ne ya ƙwace kambu a hannun ɗan ƙasarmu Hogan Bassey mutumin Kalaba a 1959, ya kuma rasu a 1963 sakamakon raunin da ya samu a karawarsa da Sugar Ramos. Na biyu, ɗan ajin laba 154, ya ci kambu a 1982, Roberto Duran ya karɓe a 1983. Da an ambaci aji, sai ruɗani ya kau. To, ina ga takwarorin da sikeli ma ya kasa raba su?

Mu ɗauki Sugar Ray Robinson, wanda masana dambe da dama ke ɗauka ba a taɓa yin kamarsa ba. Abin mamaki, sunan ma na aro ne. Sunansa na yanka Walker Smith, an haife shi a 1921. Da ya so shiga gasa alhali shekarunsa ba su kai ba, sai aka ba shi katin wani yaro mai suna Ray Robinson ya shiga da shi. Sunan ya bi shi har kabari. Ya zama zakaran duniya a ajin laba 147, wato kusan kilo 67, a 1946, sannan ya riƙe kambun ajin laba 160 har sau biyar, farawa daga 1951 da ya doke Jake LaMotta. Ainihin mai katin kuwa, sunansa ya zaga duniya ba tare da shi ba.

Bayan shekaru sai ga Ray Leonard, haihuwar 1956, ya ɗauki laƙabin Sugar, ya kuma bi sawun wancan aji bayan aji. Ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1976, ya ci kambun laba 147 a 1979, ya doke Marvin Hagler a ajin laba 160 a 1987. Wanda ya sa rigar babban mutum ya san cewa kowa zai duba ko ta yi masa yawa. Leonard ya cika rigar, amma sai da ya sha kaye a hannun Duran a 1980, ya koma ya rama kafin shekarar ta ƙare. Laƙabin bai tare masa naushi ko ɗaya ba.

Akwai kuma waɗanda ba aro suka yi ba, gado suka ci. Turawa, saɓanin al'adarmu, sukan ba ɗa sunan ubansa sak, su ƙara masa "ƙarami" a ƙarshe. Floyd Mayweather babba ɗan ajin laba 147 ne, ya kara da Leonard a 1978 aka tsayar da wasan a turmi na 10, bai kuwa taɓa riƙe kambun duniya ba. Ɗansa mai sunansa ya yi sarauta a wannan aji, ya kai wasa 50 a 2017 ba tare da an kayar da shi ba. A yau idan an ce Mayweather, ɗan ake nufi, uban kuma sai an yi ƙarin bayani. Ke nan suna yana iya gangarowa daga uba zuwa ɗa, daraja kuma ta haura daga ɗa zuwa uba.

Labarin da ya fi taɓa zukatanmu shi ne na gidan Eubank a Ingila. Chris Eubank babba ya doke Nigel Benn ya zama zakaran duniya a ajin laba 160 a 1990. A 1991 ya kara da Michael Watson, wanda ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa da ya sauya rayuwarsa baki ɗaya. Bayan shekara 25, a 2016, Chris Eubank ƙarami yana neman kambun Birtaniya a ajin laba 160 tare da Nick Blackwell. Uban da ya ga yadda ɗansa ke jibgar abokin karawarsa, sai ya shiga fagen tsakanin turmi da turmi ya ce masa ya bar dukan kai ya koma jiki. An tsayar da wasan a turmi na 10, aka garzaya da Blackwell asibiti, ya rayu amma bai sake dambe ba. A nan muka fahimci cewa abin da uba ke bar wa ɗa ya wuce kambu da kirari. Har da tabon da ke zuciyarsa.

A watan Afrilu na 2025 aka haɗa Eubank ƙarami da Conor Benn, ɗan Nigel, a birnin Landan, a ajin nan dai na laba 160 da iyayensu suka gwabza. Masu shirya wasa sun san cewa sunayen ne ke cika filin kallo. Uban Eubank ya daɗe yana sukar wannan haɗi saboda wahalar da ɗansa zai sha wajen rage nauyi, amma a daren wasan ya bayyana tare da shi. Eubank ya yi nasara da maki. Jama'a sun zo kallon iyaye, 'ya'yan ne suka sha dukan.

Damben gargajiyarmu ma bai rasa irin wannan ba, ko da yake a asalinsa babu sikeli, ido ne ke haɗa sa'a da sa'a. Shago guda Ɗan Anace ya wasa, amma wanda ya je gidan dambe zai ji Shagon wane da Autan wane da Bahagon wane, kowa ya jingina da sunan maigidansa. Idan yaro ya yi kisa, maigida ya sami yabo. Idan ya kai ƙasa, ƙurar ta taɓa su duka biyu.

Mai karatu zai ce mene ne haɗinmu da wannan, mu da alƙalami ne makaminmu? Haɗin ya fi kusa da yadda ake zato. A ajinmu na karatu ba a rasa Abubakar Muhammad biyu ko A'isha Ibrahim biyu, sai an raba su da lambar rajista, ko da sunan gari, ko a ce Dogo da Gajere. Ranar da aka kafe sakamako a allo, kowa lambarsa yake nema, domin jarrabawa kamar fage ce, ba ta san takwara ba. Da mun fita ƙofar makaranta kuwa, a nan nesa da gida, dukkanmu suna ɗaya muke amsawa: Malam ko Aboki. Ɗalibi da mai sayar da goro da mai canjin kuɗi, duk a aji ɗaya aka ɗora mu. Idan ɗayanmu ya riƙe amana, an rubuta wa sunan. Idan wani ya ci amana, shi ma a nan ake rubutawa, kuma wanda zai zo bayanmu shi zai tarar da lissafin.

Saboda haka muna ganin mai suna yana ɗauke da haƙƙi biyu. Na farko nasa ne, ya yi aikinsa da ƙarfinsa, kada ya dogara da abin da wani takwara ya shuka. Na biyu na waɗanda ba a haifa ba ne tukuna, da za su amsa wannan suna bayan ba mu. Mun tarar da shi da mutunci a garuruwan da iyayenmu suka yi fatauci tun kafin a gina jami'o'in nan. Allah ya ba mu ikon miƙa shi yadda muka same shi, ko ma fiye.