Shayin da Ya Kwana a Ruwan Sanyi



Waɗanda suka taɓa zuwa gidanmu sun san baƙo ba ya tashi sai ya sha shayi. Wannan hali a Bukuru na same shi, lokacin da nake makarantar tauhidi. Wanda ya taɓa yin watan Disamba a ƙasar Jos ya san abin da nake nufi. Za ka farka da asuba yatsu sun ƙage, ba ka iya riƙe biro sai ka fara riƙe kofi mai zafi. Akwai wani mai shayi a bakin hanya da ya san haɗina ba sai na faɗa ba: madara, sukari cokali uku, sannan ya ɗaga hannu sama yana juyawa daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa. Na gama karatu, aiki ya kawo ni Yola, inda zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, amma shayin ya biyo ni. Kofi huɗu a rana, ko ana zufa ko ba a yi.

A shekarar 2022 na je asibiti saboda yawan gajiya. Bayan gwaji likita ya ce sukarin jinina ya hau. Bai kai ga ciwo sosai ba, amma yana bakin ƙofa. Ya sa na yi lissafi a gabansa. Kofi huɗu, kowanne cokali uku, cokali 12 ke nan. Ƙaramin cokali yana ɗaukar wajen giram 4, wato giram 48 a shayi kaɗai. Ya ce shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ita ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a rana, in ma da hali ya tsaya a 25. Ni kuwa kafin in taɓa kunu ko lemun kwalba na riga na cinye rabona.

Na dawo gida na ajiye gwangwanin sukari. Ranar ce na fara sanin ainihin ɗanɗanon abin da na yi shekara 20 ina sha. Ɗaci da bauri, kamar na tauna goro marar kyau. Ashe duk shekarun nan sukari nake sha, shayin rakiya kawai yake yi. Makonnin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi a gidan ba. Abu kaɗan sai in hau faɗa. Yara suka koyi sauraron takuna, in na shigo falo su sulale ɗaki.

Wata 'yar'uwa daga cikinku, wadda take karatun kimiyyar abinci, ita ce ta ga ina yamutsa fuska a kan kofi wata Lahadi da yamma. Ta ce, "Baba, ba ganyen ne da laifi ba, ruwan ne. Ku gwada jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana." Na yi dariya, na ce, "'Yata, shayin da ba a dafa ba ai wankin ganye ne." Ta yi haƙuri ta bayyana mini. Ganyen shayi yana ɗauke da sinadarai iri-iri. Masu kawo ɗaci da bauri, wato tanin da kafeyin, tafasasshen ruwa yana fizgo su cikin 'yan mintoci. Ruwan sanyi kuwa kaɗan-kaɗan yake jan su. Akwai kuma wani sinadari mai suna tiyanin, mai ɗanɗano mai laushi, wanda yake narkewa ko a cikin sanyi. Ta ce a Japan sun daɗe suna yin haka da koren shayi lokacin zafi, suna kiransa mizudashi.

Gwajina na farko bai yi ba, kuma laifina ne. Na sa ganye a kwalba, bayan awa biyu na ɗanɗana na ji salam kamar ruwan randa. Sai na ce bari in taimaka masa, na ƙara ruwan zafi. Ɗacin ya dawo yadda yake. Sauri ya haifi nawa. Karo na biyu na sa shi da ƙarfe 10 na dare, na rufe firji, na tafi na kwanta. Da ƙarfe 6 na safe na tace. Launinsa kamar zuma, ya yi garau, ka ga hannunka ta cikin kwalbar. Na kurɓa ina jiran ɗacin, bai zo ba. Na ƙara kurɓa. Babu sukari ko ƙwaya, amma akwai wani ɗan zaƙi can a ƙarshen harshe da ban taɓa sanin ganyen yana da shi ba.

Daga nan na zama ɗan gwaji, har uwargida ta ware mini ɓangare guda a firji. Ga abin da na koya, ga mai son gwadawa. Lita ɗaya ta ruwa tana son ganye kimanin giram 10, ko ƙulli huɗu zuwa biyar na irin wanda muke kira Lipton ko wane kamfani ne ya yi shi. Baƙin shayi yana son awa 8 zuwa 12, kore kuwa awa 6 ta ishe shi. Na gwada Highland, wanda ake nomawa a Kakara can kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, ya yi kyau ƙwarai da ganyen na'a-na'a. Na gwada Earl Grey, wanda ake ƙamsasa shi da man ɓawon wani lemu mai suna bagamot da ake nomawa a kudancin Italiya, na ji ƙamshin ya fi fitowa a sanyi. Citta sai an daddaka ta, in ba haka ba ba ta sakin yajinta. Kanumfari ƙwaya biyu ya isa, ranar da na sa shida sai ka ce maganin haƙori. Zoɓo ɗan kaɗan yana ba da ja da tsami. Lemun tsami kuwa a matsa shi lokacin sha, don in ɓawonsa ya kwana a ciki yakan kawo nasa ɗacin.

Ku kula da tsabta. Tun da ba za a dafa ba, ruwan ya zama wanda aka tafasa ya huce, kwalbar kuma wankakkiya mai murfi. Kada a bar shi a rana ko a kan tebur cikin zafin nan namu, ƙwayoyin cuta suna son ɗumi. In an ɗauke wuta, nakan sayi ƙanƙara in sa kwalbar a cikin kula. Kuma a shanye shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Sai dai ba don in koya muku haɗa shayi kawai na zauna rubutu ba. Akwai wani dare da nake so ku sani.

Babban ɗana yana da shekara 16 a lokacin. Sakamakon jarrabawarsa ya faɗi zango biyu a jere, ga shi ya fara dawowa gida bayan duhu. Daren nan ya shigo wajen ƙarfe 10, ina tsaye a kicin ina zuba ruwa a kan ganye. Na ji jinina ya hau. Maganganun da zan faɗa masa sun riga sun jeru a bakina, kuma na san ba masu daɗi ba ne. Na ajiye kwalbar zan fita, sai uwargida ta tare ƙofa, ta ce a hankali, "Baban yara, ganye ma kana ba shi dare guda. Ɗanka fa?"

Na tsaya. Ban ji daɗin maganar ba, amma ban sami amsa ba. Na leƙa na ce masa, "Je ka kwanta, da safe za mu yi magana." Ban yi barcin kirki ba.

Da safe na tace shayin, na zuba kofi biyu, muka zauna a ƙarƙashin darbejiya. Na tambaye shi ina yake zuwa. Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa, sannan ya ce watanni huɗu ke nan yana zuwa kasuwar Jimeta bayan makaranta, wurin wani mai gyaran waya, yana koyon aikin. Ya ce ajin kimiyyar da na tura shi ba ya gane komai a ciki, amma in ya buɗe waya hannunsa ya san inda zai je. Sai ya ƙara da maganar da har yau take damuna: "Baba, da jiya kuka tambaye ni, da ƙarya zan yi muku."

Yaron nan gaskiyar tana cikinsa tun daren jiya. Da na zuba masa tafasasshen ruwa, da abin da zai fito daban ne, sannan in ce shi ne mai ɗaci. Na tuna sau nawa na yi haka da shi, da ƙannensa, har da wasunku, in fizgo mafi munin abin da ke cikin mutum da zafina, daga baya in dawo ina neman sukarin da zan rufe.

Ba zan ce muku komai ya daidaita ranar ba. Mun yi ta ja-in-ja har muka tsaya a kan zai gama sakandare, Asabar da hutu kuma nasa ne a shago. Har yanzu akwai ranakun da bakina yake riga hankalina. Kuma jira yana da iyaka. Shayin da aka manta da shi kwana huɗu a firji zubarwa ake yi. Haka maganar da aka ce sai da safe, in safiya ta yi ba a yi ta ba, ta zama gaba. Ban kuma rabu da shayi mai zafi ba. In hunturu ya shigo nakan dafa, sai dai ba na barin ganyen ya wuce minti uku a ruwan.

Sukarin jinina ya sauko, da taimakon tafiyar ƙafa da rage wasu abubuwan ban da shayi. Kwalbar dare kuwa ta zama al'ada. Yanzu ɗan nawa ne yake tuna mini in na manta, shi ne kuma ya gano cewa na'a-na'a ta fi ƙamshi in an murza ta a tafin hannu kafin a sa.

In kun zo gida ku tambaya, akwai kwalba a firji. Sai dai wanda ya ce in ƙara masa sukari, zan roƙe shi ya fara kurɓa sau biyu tukuna.

Ku huta lafiya.