Mai Agwagwa

Duk wanda muka taɓa zama aji ɗaya da shi ya san ni da tabon shuɗi a aljihun riga, har wasu abokai suka laƙaba mini Akawun En'e. Ban taɓa jin haushin sunan nan ba, domin sun faɗi gaskiya ba su sani ba. Ni jikan ma'aikacin En'e ne, kuma wannan cuta ta son alƙalami mai shan tawada a wurinsa na ɗauko ta.

Kakan nawa, wanda duk gida muke kira Malam, ya yi aikin malamin hakimi a ƙasar Tambuwal tun kafin a sami mulkin kai a 1960, bai bari ba sai da aka kawo sabon tsarin ƙananan hukumomi a 1976. Shi ne mai rubuta haraji da jangali, ya bi ƙauyuka a kan keke har iyaka da ƙasar Kebbe. Sa'ad da na yi wayo na tarar ya tsufa, ya koma zaure yana koya wa yaran unguwa karatun allo. A zauren nan alƙalami iri biyu ne. Akwai namu na gamba, wanda ake fiƙewa da aska a tsoma cikin kurtun zuge, in ya karye a jefar a fiƙe wani. Akwai kuma nasa guda uku da ke kwance cikin wani gwangwanin alewa, waɗanda ko babana bai isa ya taɓa ba.

To, ka san halin yaro, abin da aka hana shi shi ne abin marmarinsa. Wata ranar Alhamis ina ɗan shekara goma, Malam ya tafi jana'iza, sai na buɗe gwangwanin na zaro baƙin, mai hoton wani tsuntsu mai dogon wuya, wanda muke ce wa mai agwagwa. Na sha ganin yadda yake ba shi tawada: ya tsoma bakin a kwalba, ya ɗaga wani ɗan ƙarfe da ke gefe, ya mayar. Kwalbar tana kulle, amma ga kurtu cike da zuge. Na ce a raina ai tawada tawada ce. Na ɗura masa har ya ƙoshi, na rubuta sunana sau biyu a bayan kwali, na mayar da shi na rufe.

Bayan kwana uku Malam ya ɗauko zai yi rubutu, alƙalami ya ce bai san zance ba. Ya girgiza, ya shinshina bakin, sa'an nan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya tsaya a kaina. Na riga na sadaƙar zan sha bulala. Sai kawai ya ce, "Aboki, mi kab ba dokina?" Na ce zuge. Ya ce, "Wanga ba abincinai na ba. Tashi ɗauko ruwa ga randa." Kwana bakwai bakin alƙalamin nan yana jiƙe a ƙoƙo, kuma hukuncina shi ne in sauya ruwan safe da yamma, in zo in nuna masa launinsa. Wallahi da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi, don kullum na kawo ruwan sai ya ce da sauran baƙi, aboki, koma.

Sai da na girma na gane abin da na aikata. Shi irin wannan alƙalami, a ƙarƙashin bakinsa akwai wasu 'yan hanyoyi sirara kamar gashi. Ta nan tawada ke gangarowa, iska kuma ta hau ta cike gurbinta, in ɗaya ya tsaya ɗayan ma ya tsaya. Wannan dabara ce wani Ba'amurke mai suna Waterman ya yi wa rajista a 1884, kuma a kanta ake tafiya har yau. Zuge kuwa gawayi ne da ƙaro. A kan allo ba abin da ya fi shi, tun da ana so ya kama kuma ya wanku. Amma a cikin hanyoyin nan garin gawayi ya toshe, ƙaro ya bushe ya liƙe, ka ga kuwa an gama.

Malam ya rasu ina ajin ƙarshe na sakandare, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado an yi wa rediyo kuɗi, an yi wa keke, an yi wa littattafai da buzu. Da aka zo kan gwangwanin alewa sai wani baffana ya leƙa ya ce tarkace ne, wa ke rubutu da wannan yanzu? Magada suka yafe, aka miƙo mini tare da wani ƙaramin littafi mai bangon fata da ba wanda ya kula da shi. Ban ga laifinsu ba. Tun da biro ya shigo, wanda ma sunan mai ƙirƙiro shi ne, wani mutumin Hangari da ya yi masa rajista a 1938, kuma kamfanin Bic ya cika duniya da mai araha daga 1950, wane ne zai tsaya wahalar kwalba da tsumman goge hannu?

Da na shigo jami'a na soma bin diddigin abin da na gada. Na farko Parker 51 ne, mai murfin ƙarfe, bakinsa a ɓoye sai ɗan tsini ke leƙowa. An fara fitar da irinsa a 1941, kuma a zamaninsa in ka ga kibiyar murfinsa a aljihun mutum ka san ba ƙaramin ma'aikaci ba ne. Na biyu Hero ne, ƙirar Shanghai ta ƙasar Sin, wanda aka kwaikwayi Parker ɗin aka yi shi don masu ƙaramin ƙarfi. In ka jera su, daga nesa sai ka ce wa da ƙane. Na uku shi ne mai agwagwa, ashe sunansa Swan, ƙirar Ingila, kuma duk ya girme su. Bakinsa zinariya ne. Sai dai robar cikinsa da ke riƙe tawada ta bushe ta farfashe, in ka girgiza sai ka ji kamar tsakuwa a gora.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa ko mutanen gidanmu ba. A shekarata ta biyu damina ta yi gardama, geron da babana ya sa rai zai sayar bai zo ba, ranar rufe rajista kuma ta matso. Wani abokina ya haɗa ni da wani mutum a cikin garin Sakkwato mai sayen tsofaffin kaya, agogo da kuɗin da da makamantansu, yana aikawa da su Legas. Na kai masa duka ukun a gwangwaninsu. Hero ko kallo bai ishe shi ba. Parker ya jujjuya shi, ya sa masa ruwa ya ga yana sha yana fitarwa, ya taya. Da ya zo kan mai agwagwa ya sa gilashi a ido ya daɗe yana duba bakin, sa'an nan ya tsaki ya ce, "Kash! Wani ya kashe wannan. An goga bakin a dutse." Ya bayyana mini cewa a ƙarshen kowane bakin zinariya akwai ɗan ƙwayar ƙarfe mai tauri da ke hana shi cinyewa, wannan kuwa an goge ta sarai, an bar bakin da faɗi, a karkace. Ya ce sai dai ya saya a nauyin zinariyar, a narke.

Na sayar da Parker. Kuɗin da ɗan abin da ke hannuna suka biya rajista, har na sami na sayen takardu. Ba zan yi ƙaryar cewa na yi kuka ba, a ranar daɗi ma na ji. Sai daga baya, duk sa'ad da na buɗe gwangwanin na ga gurbinsa, nakan ji wani abu ya tokare ni. Mai agwagwa kuwa na dawo da shi, ba don wata ƙauna ba, don dai abin da aka taya bai kai kuɗin mota zuwa gida ba. Kuma a zuciyata na ɗauka ni ne na lalata shi tun ranar zuge.

Wajen wata shida yana ajiye, kafin wani ɗan ajinmu da ke sayayya ta intanet ya samo mini sabuwar roba, wani tsoho mai gyaran agogo ya taimake ni muka sa. Na ba shi tawada, na ja layin farko, sai ya kama takarda yana karta kamar kaza na tono. Na rubuta "ƙasa", ƙugiyar ƙ ta tsage takardar. Na ce lalle mutumin nan ya yi gaskiya, na mayar da shi gwangwani.

Abin da ya tone asirin shi ne darasin ajami. Kunya ce in faɗa, amma ni ɗan Tambuwal, garin da Buhari ɗan Shehu ya kafa, na zo jami'a ina karanta Alƙur'ani amma ba na iya karanta Hausa da haruffansa. Da muka soma koyo, ranar nan ina aikin gida biro ya ƙare, na jawo mai agwagwa don dole. Na fara daga dama zuwa hagu. Jama'a, sai alƙalamin nan ya tafi sumul kamar an zuba masa mai! Inda ake son kauri ya yi kauri, inda ake son siriri ya sirance, daidai irin rubutun da muke gani a allunan zaure. Na ajiye shi na yi shiru. Ashe ba lalacewa ya yi ba. Malam ne da hannunsa ya fiƙe bakin zinariya a dutse yadda ake fiƙe gamba, ya mai da alƙalamin Ingila na ajami. Parker na ofis ne, na boko da lissafin haraji. Wannan kuwa nasa ne na kansa.

Da hutu ya zo na ɗauko ɗan littafin nan mai bangon fata. Da ƙyar nake haɗa baƙi da wasali, don hannunsa irin na mutanen da ne, fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, kuma ba ya raba kalmomi yadda muka saba. Ba wani abin tarihi ba ne da za a kai gidan adana kayan tarihi na Waziri Junaidu. Ranar da ruwan farko ya sauka ne, da yawan damman da aka samu a gonar fadama, da wanda ya ranci kuɗi da ranar da ya biya, wasu kuma an ja layi an rubuta "na yafe". A wani shafi na tarar da ranar haihuwata da sunan da ya yi mini huɗuba da shi. Can gaba kuma, layi ɗaya tak: aboki ya ba doki zuge.

Yanzu alƙalumana bakwai. Ban da biyun Malam, akwai Jinhao guda uku, 'yan Sin masu araha, da wani Pilot na Japan, da Lamy Safari na Jamus, irin wanda aka fara yi a 1980, wanda na saya hannu na biyu. Masu cewa na da ya fi na yanzu a kowane hali, ban yarda da su ba. Lamy ɗin nan ya fi Hero ɗin Malam lafiya nesa ba kusa ba, ba ya yoyo, kuma in bakinsa ya lalace zare shi ake yi a sa wani. Da shi nake ɗaukar darasi, kuma na lura tun da ba a danna shi kamar biro, sai in yi awa biyu ina rubutu yatsuna ba su yi tsami ba.

Amma kada in ruɗe ka, mai karatu, wahalarsu tana da yawa, kuma waɗanda suka ƙera su ba su san ƙasarmu ba. Da hunturu in ka bar murfi a buɗe ka saurari malami minti biyu, baki ya bushe. Da bazara kuwa, in zafi ya haura digiri 40, iskar da ke cikinsa takan kumbura ta turo tawada waje, musamman in ya kusa ƙarewa. Haka na taɓa shiga mota daga Sakkwato da farar shadda ranar jajibirin Salla, kafin mu wuce Boɗinga da Shagari aljihuna ya zama kamar na fito daga marina. Takardar jarrabawa ma shanye tawada take yi har ta ɓullo ta baya, don haka ranar jarrabawa ni ma biro nake riƙewa kamar kowa. Tawadar kanta sai an yi cigiya a kantunan littattafai, wani mai kanti ma ya taɓa miƙo mini ta tambarin ofis, na ce a'a, na taɓa yin irin wannan kuskure sau ɗaya.

Mai agwagwa ba na zuwa da shi aji. Tun da ƙwayar bakinsa ta tafi, kowane layi da na ja yana cin zinariyar kaɗan kaɗan, wata rana zai ƙare. Wani ya ba ni shawara in nemo sabon baki in sa masa, na ce to in na yi haka alƙalamin wa ke nan? Sai na yanke cewa ba zan riƙa rubuta kome da shi ba sai abin da ya cancanta.

Abu na farko da na ga ya cancanta shi ne wasiƙa zuwa ga kakata, wadda ba ta san boko ba amma tana karanta ajami sarai. Kwana uku na yi ina tsara rabin shafi, na ba direban garinmu ya kai. Da na je gida na same ta a kan tabarma tana tsinkar zogale, na gaishe ta, na zauna ina jiran yabo. Ta ɗaga ƙasan filo ta zaro takardar, ta miƙa ta nesa da ido, ta ce, "Maigidana, rubutunka kam sai a hankali, wasullanka duk sun watse." Ta ɗan yi shiru tana bin layin da yatsa. Sa'an nan ta ce, "Amma wanga alƙalamin Malam na. Ina ɗayan, mai murfin ƙarfe?"

Na ce yana makaranta.