Ra'ayi Riga, Labari Amana

A ƙofar gidanmu akwai wani dakali a gindin darbejiya, inda mu kan taru kowane dare bayan sallar isha'i mu taɓa hira. Mu kan kai mutum bakwai ko takwas. Akwai tela, da direban motar haya, da mahauci, da wani malamin makaranta, sai kuma ni, wanda aikinsa karɓar wasiƙu da adana su a ofis. Tsofaffin garinmu har yanzu En'e su ke ce wa ofishin nan, ko da ya ke tun 1976 aka kau da tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Babbanmu a majalisar nan shi ne baffana, ƙanen mahaifina, wanda ba a taɓa ganinsa ba tare da 'yar rediyonsa a gefe ba.

Hirar tamu ba ta wuce iri uku. Akwai ta nishaɗi, akwai ta zaman yau da kullum, akwai kuma ta labarin duniya. In aka shiga ta nishaɗi, sai ka ji gardama kamar za a yi dambe. Baffa ya ce tun da Mamman Shata ya rasu a 1999 ba a sake yin mawaƙi ba. Mahauci ya ce ai ko Shata na da rai, shi Ɗan Ƙwairo ya fi kwanta masa. Tela ba shi da magana sai ta wasan kwaikwayo, ya san tarihinsa tun daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, malamin makaranta kuwa ya ce wasannin nan rawa da waƙa sun yi musu yawa. Direba shi ƙwallo ne a gabansa, har gobe yana tuna mana yadda Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. A kan yi ta ja-in-ja har dare ya raba, kowa ya shiga gida da ra'ayinsa, ba wanda ya yi hasarar ko anini. Wannan shi ne abin da Hausawa su ke nufi da su ka ce ra'ayi riga, kowa da irin tasa.

Amma fa akwai wata magana wadda ba riga ba ce, watau labari. Shi labari amana ce a hannun wanda ya ɗauko shi, domin mutane su kan yi aiki da shi, wani lokaci har su sa ransu a kai. Ban gane wannan bambanci sosai ba sai da na kusa yin sanadin mutuwar baffana. Abin da na ke so in ba ku labari ke nan, ya ku 'yan'uwa da Allah ya buɗe wa ido da karatu, ko da ya ke abin kunya ne a gare ni.

Bari tukuna mu waiwaya mu ga yadda labari ya ke zuwa wa iyayenmu a da. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. Mutum ɗaya mai karatu ya kan saye ta, mutum goma su kewaye shi suna saurare. Sa'an nan akwatin rediyo ya zo. Sashen Hausa na BBC ya soma magana daga Ingila a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, na Jamus ya fara Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Ba na cewa waɗannan ba su taɓa kuskure ba, ko ba su da nasu son zuciya. Abin da na ke cewa shi ne, kowane labari da ya fito daga gare su yana da ubangida. An san gidan da ya faɗa, an san mai karantawa da sunansa, in ya yi ƙarya kuwa akwai inda za a same shi.

A 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya, bayan 'yan shekaru kuma ta zama jarida da rediyo da majigi duk a aljihu ɗaya. Lalle ta yi mana amfani ƙwarai. Da ita manomi ya ke jin farashin hatsi a kasuwar Dawanau kafin ya ɗora buhu a mota, da ita uwa ta ke jin muryar ɗanta da ke ci-rani a Kurmi. Sai dai ta mai da kowa edita. Duk wanda ya ga dama ya rubuta abin da ya ga dama, ya tura, kafin a sha ruwa magana ta kai gari ɗari, ba wanda ya san mafarinta.

To, a watan Yuli na 1914 ba mu nan, amma na Yulin 2014 duk mun shaida shi. A ran 20 ga watan wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Ikko, watau Legas, daga ƙasar Laberiya, yana ɗauke da cutar Ebola. Cutar tana ta kisa a Gini da Saliyo da Laberiya a lokacin, kafin ta lafa kuwa ta hallaka mutum fiye da 11,000. Wata likita mai suna Stella Adadevoh ta hana mutumin nan fita daga asibiti don kada ya baza cutar cikin gari, ita ma ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Tsoro ya kama kowa. A majalisarmu aka daina gardamar Shata, har musafaha wasu su ka fara gudu.

Ana cikin haka, wani dare a farkon watan Agusta, wajen ƙarfe uku, sai wayata ta yi ƙara. Wani abokina ne daga wani gari, muryarsa tana rawa. Ya ce, "Malam, ka tashi iyalinka yanzu. Wai cutar nan ta biyo iska, wai duk wanda bai yi wanka da ruwan zafi da gishiri ba, ya kuma sha, kafin asuba, to, sai yadda Allah ya yi." Na ce, "Wa ya faɗa?" Ya ce, "Kowa ya ji, duba wayarka." Na duba, sai ga saƙo har guda huɗu, duk magana ɗaya. Ganin abin a rubuce, kuma daga mutum huɗu, sai zuciyata ta ɗauka tabbas ne. Ban tsaya na lura ba cewa duk huɗun daga bakin rijiya ɗaya su ka ɗebo.

Na ta da maiɗakina ta hura wuta. Muka juye gishirin miya duka a tukunya. Yara su ka yi wanka suna kuka, aka ba kowa ya kurɓa. Sa'an nan na ɗebi kofi guda na nufi shiyyar Baffa. Na san yana da hawan jini, na san likita ya hana shi cin gishiri da yawa, har miyarsa dabam a ke yi. Duk wannan ya fita daga kaina. Ya dube ni cikin magagin barci ya ce, "Akawu, ka tabbata?" Na ce, "Baffa, a rubuce na gani." Ya ce, "To, ku ne masu karatu." Ya karɓa ya shanye.

Kafin rana ta fito, Baffa ya fara amai, kansa yana sarawa, jiri yana ɗibarsa. Direba ya taimake ni muka kai shi asibiti, muka tarar ba mu kaɗai ba ne. Malamin asibiti ya auna jininsa ya girgiza kai. Ya bayyana mini cewa gishiri in ya yi yawa a jiki ya kan riƙe ruwa a cikin jini, jinin ya hau, zuciya da ƙoda su wahala, ga mai hawan jini kuwa abin yana iya kai wa ga shanyewar jiki ko mutuwa. Ya ce Ebola ba ta bin iska, ana ɗaukarta ne ta taɓa jini ko amai ko gumi ko sauran ruwan jikin wanda ya kamu, ko gawarsa, gishiri kuwa ba ya yi mata kome. Kwana uku Baffa ya yi a kwance. Allah ya yi da sauran shan ruwansa, ya tashi. Wasu ba su yi wannan sa'a ba, domin jaridu sun ba da labarin mutum biyu a ƙalla sun rasu saboda shan ruwan gishirin nan, an kuma kwantar da wasu da dama.

Ku dubi abin mamaki. Cutar kanta mutum 20 ta kama a Nijeriya duka, 8 su ka rasu, kuma ba ta wuce Ikko da Fatakwal ba. A ran 20 ga Oktoba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shelar cewa ƙasar ta rabu da ita. Watau cutar ba ta ko leƙo garinmu ba, amma jita-jitarta ta shigo har ɗakin baffana, ni kuwa na ɗauko ta da hannuna a kofi.

Ina zaune a bakin gadonsa a asibiti na yi ta tunanin aikina. A ofis ba na karɓar wasiƙa in sa ta a fayil sai na ga abu uku: sunan wanda ya aiko da sa hannunsa, kwanan wata, da lamba. In ɗaya ya ɓace, sai in ajiye ta gefe in bincika. Ko takardar kuɗin goro ce haka na ke yi mata. Amma ga maganar da ta shafi ran mutum ta zo mini ba suna, ba kwanan wata, ba sa hannu, sai "wai" a gaba "wai" a baya, na karɓe ta hannu bibbiyu. Na tuna kuma tun muna makarantar allo an nuna mana yadda malaman hadisi su ke yi, ba su karɓar magana sai sun san wane ya ji daga wane, su kuma auna gaskiyar kowane ɗaya. Ashe ilmin nan ina da shi ta hanya biyu, tsoro ne kawai ya sa na yar da shi.

Tun daga ran nan na ɗora wa kaina doka, na kuma roƙi 'yan majalisarmu mu bi ta tare. In mutum ya kawo magana, sai mu fara rabewa: wannan labari ne ko ra'ayi? Ga misali. A ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, cikin 'yan kwanaki kuwa litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500. Wannan labari ne, yana da mai faɗa, yana da rana, kowa kuma ya gani a gidan mai. Amma ko cire tallafin daidai ne ko kuskure, wannan ra'ayi ne. Direba ya ce an yanka talaka ba wuƙa. Malamin makaranta ya ce da ma kuɗin tallafin aljihun wasu ya ke shiga. Ni nawa ra'ayin shi ne, da an tanadi abin da zai rage wa mutane raɗaɗi kafin a cire, da wahalar ba ta kai haka ba. Mu kan yi gardama a kan wannan har murya ta dushe, ba laifi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya ɗinka wa ra'ayinsa rigar labari, ya ce "an ce" alhali kuwa shi ne ya ce.

Ku da ku ka fita daga ajin yaƙi da jahilci, ina taya ku murna, amma ina yi muku gargaɗi da abin da ya same ni. Wanda bai iya karatu ba ya kan ɗauka duk abin da ke rubuce gaskiya ne, in ya ga kun karanta kuwa sai ya sakankance, kamar yadda Baffa ya sakankance da ni. Ku sani takarda ba ta ƙin tawada, waya ma ba ta ƙin ƙarya. Yanzu har hoto da murya a kan haɗa da kwamfuta, ka ga mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Saboda haka in saƙo ya zo muku, ku tambaye shi abu uku: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, wa kuma ya tabbatar ban da shi? In maganar lafiya ce, ku nemi malamin asibiti. In ta gwamnati ce, ku jira ku ji ta a gidan rediyo biyu ko uku. Saƙon da ya ce muku ku yi maza ku tura wa mutum goma kafin gari ya waye, shi ya fi cancanta a bar shi ya kwana, domin gaskiya ba ta lalacewa da kwana ɗaya. In kuwa ba ku sami tabbaci ba, ku riƙe bakinku, magana zarar bunu ce.

Baffa yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai, amma ba ya fashin dakali. Bai taɓa yi mini gori a kan abin da ya faru ba. Sai dai duk ran da wani ya zaro waya ya ce, "Kun ji abin da ya faru kuwa?" sai ya rage muryar rediyonsa, ya juyo wajena ya ce, "Akawu, duba mana. Wannan wasiƙar tana da sa hannu?" In na ce babu, sai ya ce a ajiye ta gefe, a koma maganar Shata.